Kuben Bindigar Kofur Zailani

A wata ƙaramar hukuma da ba sai an kama sunanta ba, an yi wani jami'in tsaro mai suna Kofur Zailani. Mutum ne mai kirki, mai tsafta, ba ya faɗa da kowa, ba ya tare hanya ya karɓi na goro. Tun da ya shiga aikin ɗamara a sashen badujala aka ajiye shi, shi ne mai dukan babbar ganga. In ana fareti ka gan shi ya turo ƙirji yana zuba mata duka, sai ka rantse shi ya ci garin da yaƙi. Amma batun bindiga, rabonsa da ita tun yana kurtu. Waɗanda suka yi horo tare da shi sun ce ko a lokacin ma, in layin harbi ya zo kansa, malamin yakan ce kowa ya kwanta, sannan shi ma ya nemi wuri ya kwanta.

Ana nan sai shugaban ƙaramar hukumar, Alhaji Mamuda, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, ya buƙaci sabon odale, wato jami'in da zai riƙa binsa duk inda ya sa ƙafa. Ciyaman mutum ne mai zargi. Duk wanda aka turo masa, bayan ɗan lokaci sai ya ce ɗan leƙen asirin abokan hamayya ne, a canja masa. Daga ƙarshe ya tuna da Zailani, wanda mahaifiyarsa da tasa suka taso a unguwa ɗaya, ya ce shi yake so. Babban jami'in da ke rabon aiki ya yi ƙoƙarin nusar da shi cewa mutumin nan fa makaɗi ne, a bari a ɗan sake masa horo.

"Ni amana nake nema, ba gwaninta ba," in ji Ciyaman. "Harbi kuma mene ne in ba danna ɗan ƙarfe ba? Wanda ya iya dukan ganga zai iya."

Haka Zailani ya wayi gari ya bar rana ya koma inuwa. Ya tuɓe kaki ya sa shadda. Ya koma zama a gaban mota mai sanyi, in an sauka kuma ya tsaya a bayan maigida yana muzurai. Duk inda aka kai wa Ciyaman kaji, shi ma ana ajiye masa cinya. Matarsa Hansai, da maƙwabta suka saba ce wa matar mai ganga, ta zama matar odale, har ana zuwa wurinta kamun ƙafa. Zailani ya ji daɗin wannan sauyi har cikin ransa, ya ƙudurta cewa shi da ganga sai dai ya ji ta a bikin wani.

Sai dai tun ranar farko Ciyaman ya kira shi gefe ya kafa masa sharaɗi.

"Kofur, ka saurare ni da kyau. Ni mutumin talakawa ne, haka aka buga a fastocina. Mutumin talakawa kuwa ba ya yawo da mai bindiga. Saboda haka ranar da wani ya ga bindiga a jikinka, ranar za ka koma wa gangarka. Ranar da kuma na neme ta na tarar ba ta jikinka, ita ma ranar za ka koma. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Bai gane ba sai da aka miƙa masa ita a ɗakin ajiyar makamai. Ƙaramar bindiga ce, baƙa, mai nauyin da ya fi ƙarfin girmanta, cike da harsashi. Gaskiyar magana tsoronta yake ji, tsoro na haƙiƙa. Aka haɗa masa da kube, wato gidan da ake zura ta a ciki, na baƙar roba mai tauri, da ɗan maƙalli a baya wanda ake kama bel da shi.

Wanda ya ƙera wannan kube bai taɓa ganin wandon Bahaushe ba. Wandon shadda ba shi da bel, zariya gare shi. Zailani ya maƙala kuben a kan zariya, ya saki kaftani a kai, ya duba madubi, ya ga komai daidai. Ya yi taku kaɗan sai ya ji wando ya fara bin nauyi zuwa ƙasa ta gefen dama. Ya ƙara ɗaure zariya har numfashinsa ya yi sama. Ranar aka je bikin buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye, Ciyaman ya yi dogon jawabi a kan ruwan da bai fara fita ba tukuna, Zailani kuwa yana tsaye a bayansa, hannu ɗaya riƙe da ƙugu, ya karkace gefe, fuska a yamutse. Da aka tashi wani dattijo ya ja shi gefe ya ce masa cikin tausayi kada ya yi wasa da gwaiwa, ya je a yi masa aiki tun da wuri.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damunsa shi ne inda bakin bindigar yake kallo. In yana tsaye, cinyarsa take kallo. In ya zauna a mota, sai ta juya ta fuskanci wurin da duk mai iyali ba ya son a nuna masa da ƙarfe. Zailani kuwa 'ya ɗaya gare shi, yana kuma sa ran ƙari. Duk ramin da mota ta faɗa, sai ya rufe ido ya yi salati. A masallaci ma bai tsira ba. In ya yi ruku'u robar ta soke shi a haƙarƙari, in ya yi sujada ya ji tana ƙoƙarin zamewa, har ta kai ba ya iya tuna raka'a nawa aka yi sai ya saci kallon na kusa da shi.

Ya shiga birni ya sami wani mai sayar da gwanjon takalman sojoji, wanda ya rantse masa cewa kuben hammata shi ne na manya. Igiyoyi ne masu miƙewa, a rataya ta kafaɗa, bindigar ta kwanta a ƙarƙashin hannun hagu. A cikin shagon, gaban fanka, abin ya yi daɗi. Amma lokacin bazara ne. Kafin mako ya zagayo gumi da goga sun saluɓe masa hammata, ƙuraje suka feso, ya koma tafiya hannu a sage nesa da jiki. Masu gaisuwa suka canja salo.

"Sannu Kofur. Maruru ne?"

Ya ce maruru ne. Aka yi ta kawo masa magani, wannan ya ce a shafa, wancan ya ce a jiƙa a sha. Yana cikin wannan hali igiyar ta tsinke, ranar Juma'a, liman yana huɗuba. Ya ji ƙarfe mai sanyi ya gangaro ta cikin riga ya sauka a kan cinyarsa. Bai motsa ba, bai ma yi numfashin kirki ba, har aka ta da salla. Yadda ya yi ya miƙe ba tare da ta faɗi a sahu ba, shi kaɗai ya sani.

Ya gwada aljihun babbar riga, ta janyo wuyan rigar har cibiya. Wani ya ba shi shawarar na idon sawu, ya tuna da alwala ya watsar. Ya rame. Hansai ta ce masa in dai wannan shi ne cigaba, ita ta fi ganin ƙibarsa lokacin ganga. Ita ce ma ta ce ya je wurin dukawa, tunda fata dai ba ta taɓa cin jikin kowa ba.

A ƙarshen rumfar dukawa a kasuwar garin akwai wani tsoho, Baba Nomau. Ba ya takalmi, ba ya jaka. Aikinsa tun tasowarsa ɗinkin layu da guraye da kambuna, kuma an san shi da abu ɗaya: ba ya tambayar mutum abin da ya kawo. Zailani ya same shi da yamma ba kowa a rumfar, ya gaishe shi, ya durƙusa da ƙyar, ya duba hagu da dama, sannan ya zaro bindigar da yatsa biyu ya ajiye a kan buzu.

Baba Nomau ya dube ta kamar an ajiye masa goro.

"Gida nake so ka yi mata, Baba," in ji Zailani. "Na sha wuya. Ina son wanda ba zai ci mini jiki ba. Kada kowa ya gane me ke ciki. Kada gumi ya shiga. Kada ta faɗo ko da gudu nake. Ya yi ƙarko, na gaji da saye-saye. Babban abin kuma, Baba, don Allah kada ta tashi da kanta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To ai wannan aikinmu ne, ɗana. Zauna."

Tsoho ya auna ta da tafin hannu. Ya zaɓo fatar akuya mai laushi ta ciki, ya ɗauko auduga ya cike lungunan don kada siffarta ta fito, sannan ya yanko jar fata mai kauri ta waje. Ya zare basilla ya fara aiki, ba gaggawa. Suna haka aka kira la'asar a masallacin da ke bayan rumfar. Zailani ya tashi, ya ji jikinsa sakayau. Rabonsa da salla ba ƙarfe a jiki har ya manta. Ya yi ta a natse, ya zauna ya yi doguwar addu'a, ya roƙa wa iyaye da kakanni da maƙwabta, har da malaminsa na harbi. Da ya fito ya tsaya wurin mai fura ya sha, ya ƙara. Bai yi wani saurin komawa ba.

Ya dawo ya tarar an gama. Abu ne mai kusurwa huɗu, ja wur, ya kai faɗin tafin hannu biyu, an yi masa zane mai kyau a gefe, da maratayi na tuƙaƙƙiyar fata. Ya ɗauka ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Baba, ina bakin?"

"Wane baki?"

"Inda zan zaro ta."

Baba Nomau ya ajiye basilla ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Ka ce kada ta faɗo, kada gumi ya shiga, kada ta tashi. Duk wanda ya kawo mini abu ya ce a tsare masa shi a jiki, rufewa nake ruf. Ni ban taɓa barin laya da baki ba. Amma in kana so, kawo in farke maka gefe ɗaya, ba wani aiki ba ne."

Zailani ya miƙa hannu zai ba shi, sai ya ce bari dai ya gwada tukuna. Ya rataya ta ƙarƙashin riga, ta kwanta luf a gefen haƙarƙarinsa na hagu. Ya yi ruku'u, bai ji komai ba. Ya durƙusa, ya miƙe. Ya tsuguna. Ya ɗan yi tsalle. Ya lalubi wurin ta saman riga, ya tabbata ko da gangan yatsansa ba zai kai ga ɗan ƙarfen nan da ake dannawa ba. Wani sanyi ya sauka a zuciyarsa wanda bai ji irinsa ba tun ranar da ya karɓi aikin.

"Bar shi haka, Baba. In gwada shi kwana biyu in gani."

A hanyar gida ya sayi reza a wurin mai tebur ya jefa a aljihu. Ya gaya wa kansa cewa in buƙata ta taso, yanka ɗaya ne.

Daga ranar Zailani ya zama wani mutum. Hammata ta warke, ƙiba ta dawo, tafiya ta miƙe. Yana zama a mota har gyangyaɗi yake. Ciyaman ya lura, abin ya burge shi, har ya mayar da shi abin nunawa. In manyan baƙi suka zo yakan kira shi ya ce ya juya a gabansu.

"Ku duba shi da kyau. Bindiga na jikinsa yanzu haka. Duk wanda ya gano inda take, na ba shi motata. Wannan shi ake kira ƙwararre. Da sun ce wai in bari a sake masa horo."

Baƙi su duba ƙugu, su duba ƙafa, su girgiza kai. Zailani ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

Ranar da buƙatar ta taso, ranar kasuwar wani ƙauye ce, da tsakar rana, suna dawowa daga taro. A bakin wata 'yar gada suka tarar an gitta gungumen icce. Kafin direba ya yi ribas, 'yan bangar abokan hamayya suka fito daga cikin gonar dawa da gora da adduna. Shugabansu wani ƙato ne da ake ce wa Gatari, wanda ya daɗe yana shela a gari cewa shi da yaransa sun sha maganin bindiga, duk harsashin da ya nufo su ruwa yake zama. Suka tsaya a gaban mota suna kaɗa makamai, suna kiran Ciyaman da sunan da mahaifiyarsa ta raɗa masa, ba ko Alhaji.

Mutumin talakawa ya riga ya kwanta a ƙasan kujerar baya, ya ja babbar riga ya rufe kai. Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Kofur, fita ka yi aikinka."

Zailani ya fita, don ba yadda zai yi. Ya yaye kaftani har wuya, ya janyo abin nan ja ya riƙe da hannun hagu, ya zura hannun dama a aljihu yana neman reza. Ya ci karo da goro, da tsinken sakace, da carbi. Reza kuwa tuni Hansai ta ɗauke ta ta yanke wa 'yarsu farce. Da ya ga ba mafita sai ya kai abin baki ya kama ɗinkin da haƙori yana ja, yana karanto duk addu'ar da ta zo masa, idanunsa sun yi jajir don tsoro. Jiri na ɗibarsa, sai ya riƙa tangaɗi yana yin gaba, shi a zatonsa tsaye yake.

Abin da 'yan banga suka gani daban ne. Sun ga mutum ya fito shi kaɗai, ba sanda ba wuƙa, ya ciro layar da ba su taɓa ganin mai girmanta ba, ya kafa mata baki yana tofi, yana kuma nufo su. Ihun ya fara raguwa. Wani na gefe ya saki gorarsa ya ce hannunsa ya mutu. Wani ya ce ganinsa ya fara dishi-dishi. Gatari ya ja da baya kaɗan, ya dubi yaransa.

"Na harsashi muka sha," ya ce. "Wannan kuwa ba mu da labarinta."

Kafin Zailani ya iya tsinka ko zare ɗaya, ya ɗago kai ya ga ba kowa sai dawa tana kaɗawa, da takalma warwatse a kan hanya. Shi da direba suka ture gungumen. Sai da suka shigo gari Ciyaman ya yarda ya tashi zaune.

Kafin magariba labari ya gama gari. Kafin mako layar ta kai girman matashin kai a bakin masu ba da labari, an kuma ce da ya tofa mata, addunan suka lanƙwashe. Ciyaman ya ɗinka masa shadda sabuwa. Ya riƙa cewa a taro, odalensa bai ma ga damar taɓa bindiga ba, da laya kawai ya kori runduna. Mutane suka fara ba Zailani hanya a kasuwa. Shi kuwa bai ƙaryata kowa ba, yana jin daɗi da fargaba a haɗe. Ya yi niyyar komawa wurin Baba Nomau a farke gefen nan, amma kullum sai ya ce gobe.

Matsalar ita ce zaɓen fid da gwani ya matso, Ciyaman kuma ya sa wa layar ido.

"Kofur, wane malami ne ya rubuta maka ita?"

"Gado ce, ranka ya daɗe. Ta kakana ce."

"To ara mini ita zuwa bayan zaɓe."

"Akwai sharaɗi, ranka ya daɗe. Ba ta barin jikin jininmu. In ta bari, kan wanda ya ɗauka take juyawa."

Ciyaman bai sake tayar da zancen ba, Zailani ya ɗauka maganar ta mutu. Ashe aikawa ya yi aka ɗauko masa wani Malam Hashimu daga nesa, wanda aka ce ba layar da ba ya iya buɗewa ya kwafi abin da ke ciki ya mayar, ba tare da ta san an taɓa ta ba. Wata safiya aka kira Zailani falo. Ya tarar da kansiloli sun cika kujeru, kowa ya zo da fatan a kwafar masa tasa. Malam yana zaune a tsakiya kan darduma, ga tawada, ga takardu, ga reza sabuwa.

Zailani ya gane abin da ake shirin yi. Ya durƙusa ya fara roƙo. Ya ce in aka buɗe ta ƙarfinta zai tafi. Malam Hashimu ya yi murmushi ya ce ya san maganin wannan. Zailani ya ce kakansa ya yi wasiyya. Malam ya ce wasiyya ba ta hana taimakon shugaba. Zailani ya ce yau ba rana ce mai kyau ba. Malam ya ce ya duba, babu ranar da ta fi ta. Ciyaman ya gaji.

"Kofur, ni na ɗauko ka daga rana. In ka fi son layarka da ni, ƙofa a buɗe take, gangarka na nan ba wanda ya taɓa."

Zailani ya tuna da fareti, da nauyin ganga a wuya, da Hansai ta koma matar mai ganga. Ya sa hannu cikin riga ya cire maratayin ya miƙa. Ya koma inda ya saba tsayawa, bayan kujerar Ciyaman, ya tsaya.

Malam Hashimu ya karɓa da hannu biyu, ya jinjina nauyinta, ya gyaɗa kai ya dubi jama'a.

"Kun ji nauyi? Aikin mutanen da ke nan. Yanzu ba a irinsa."

Ya yi bisimilla ya sa reza. Ɗinkin Baba Nomau bai ba da kai da sauƙi ba. Rezar farko ta karye, aka kawo wata. Malam ya yi gumi, yana yanka yana yabon wanda ya yi aikin, yana cewa wannan ko jikan jika zai gada. Kansiloli suka miƙo wuya. Jar fata ta buɗe, ta ciki ta bayyana. Ita ma aka farke ta. Auduga ta fito, fara tas, ba alamar gumi. Malam ya zura yatsu a hankali yana laluben takarda, ya kama wani abu mai sanyi, ya janyo shi waje.

Ya dubi abin da ke hannunsa. Ya ajiye shi a kan darduma a hankali ƙwarai, bakin abin na kallon bango, sannan ya ja jiki baya da gindi har ya kai ƙofa. Kansilolin da ke wajen bangon suka sauka suka ɓuya a bayan kujerunsu.

Ciyaman ya daɗe yana kallon bindigar. Sannan ya juyo gaba ɗaya a kan kujera ya fuskanci odalensa. Muryarsa ba ta yi sama ba.

"Kofur. Wannan ita ce layar kakanka?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ranar gada, da ka kai ta baki, me kake yi?"

"Ɗinkin nake son tsinkewa, ranka ya daɗe."

"Wato duk tsawon lokacin nan ina shiga ƙauyuka, ina shiga kasuwanni, ina bugun ƙirji a gaban mutane, da bindiga a ɗinke kake bina? Maƙiya sun kewaye ni ta ko'ina, kai kuma ka kai makamin hukuma an yi masa likkafani. Faɗa mini a gaban mutanen nan, wa yake tsarona?"

Zailani ya ga dai aikin ya riga ya tafi. Ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafafu kamar a fareti.

"Ranka ya daɗe, maƙiyanka daga nesa suke. Ni kuwa ban iya harbi ba, kuma kullum a bayanka nake tsaye. Ka gode wa ɗinkin nan."